Kwanon da Aka Hana Ungozoma

An yi wani mutum a wani gari nan arewa da Gure, can cikin tuddan rairayi, inda mota ba ta shiga sai katkat, motar nan mai ja da taya huɗu, ita ma sai direba ya san hanya. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan faɗi sunan garin ba. Wanda ya gane shi ya riƙe a cikinsa. Ban ɗauko labarinsa don a riƙa nuna shi da baki ranar kasuwa ba, na ɗauko ne don mu duba kanmu.

Mutumin nan ba matsiyaci ba ne, ba kuma jahili ba. Ya sauke Alƙur'ani yana yaro, ya je Makka, yana da raƙuma, yana da dabino a kwari. Hausa a bakinsa, Barbarci a bakinsa, ga ɗan Faransanci na gaisawa da ma'aikata. In ya yi magana a dandali ana yin shiru. Abu guda ne ya cinye shi: yana so manya su ce garin nan a aljihunsa yake.

A shekarun da jam'iyyu ke tashe, babu wadda mutumin nan bai kwana a cikinta ba. Ƙofar gidansa ta ƙarfe ce, kuma duk jam'iyyar da ya shiga sai ya sa a shafe ƙofar da launinta. Fenti kan fenti, fenti kan fenti, har ƙofar ta yi kauri, ta daina rufuwa sai an sa mata kafaɗa. Mutanen gari suka bar tambayarsa ina ya dosa. In za su wuce sai su dubi ƙofa, su san inda Alhaji ya kwana.

Ku na baya, ku bar dariya. Da yawanku rashin fenti ne kawai ya rufa muku asiri.

Ya 'yan uwa, ku fahimce ni. Barin jam'iyya ba zunubi ba ne. Mutum yana iya ganin gaskiya ya bi ta, babu mai hana shi. Amma mutumin nan, duk lokacin da ya sauya, sai ya tsaya a gaban jama'a ya ce, "Wallahi waɗancan ɓarayi ne, yanzu na gane." Bayan damina biyu ya koma wurin ɓarayin, ya sake rantsuwa da Allah cewa waɗanda ya baro su ne ɓarayi. Sunan Allah ya zama masa kamar hular da ake sawa a cire. Kuma ba a taɓa ganin gaskiya ta kai shi gidan da tukunya ba ta tafasa ba.

To, garin nan yana da 'yar likita ƙarama, wato ɗan asibiti. An daɗe ana roƙo kafin a samu. A cikinta akwai majo, namiji, mai yin allura da ba da maganin zazzaɓi. Akwai kuma ungozomar gwamnati, sunanta Rakiya, mutane suna ce mata Madam Rakiya. Ba 'yar yankin ba ce. Daga ƙasar Tawa aka turo ta, ta baro danginta da duk wanda ta sani, ta zo ta zauna a ɗaki guda bayan likita. Kafin zuwanta, mace in haihuwa ta yi mata gardama sai amalanke da addu'a. Bayan zuwanta, mata suka san awo, suka san maganin ƙarin jini, aka rage tonon ƙananan kaburbura.

Kun san al'adarmu da baƙon aiki. Malamin lakkol ne, wato makarantar boko, ma'aikacin likita ne, duk wanda gwamnati ta jefo mana daga nesa, gari ne uwarsa da ubansa. Ba ya da gona, ba ya da rumbu. Saboda haka ake kai masa kwano. Yau gidan wane, gobe gidan wane, tuwo ne, dambu ne, fura ce, abin da Allah ya hore. Mai kawo ruwa a amalanke ya tsaya a ƙofarsa ya cika masa randa. Ba doka ce ta sa ba, ba a rubuta shi ko'ina ba. Iyayenmu ne suka ce baƙonka annabinka, muka taso muka tarar.

Gidan mutumin nan ma ana kai kwano. Matarsa Zaliha, baiwar Allah mai haƙuri, tana da wani kwanon samira mai zanen fure, murfinsa ya ɗan lotsa a gefe. A cikinsa take zuba wa Rakiya tuwo. Ita kuwa Rakiya ba ta taɓa mayar da kwano wayam ba. In ta wanke shi sai ta sa sabulu, ko ɗan sukari, ko ƙuli-ƙuli, ta mayar. Haka suka zama kamar ya da ƙanwa.

Ana nan sai aka soke zaɓen depite, wato ɗan majalisa, na yankin, aka ce a sake. Zaɓen cike gurbi. Kujera guda ce, amma kowace jam'iyya ta ɗauke ta kamar ranta, motoci suka cika daji da lasifika. Mutumin nan ya shinshina iska, ya ga inda nasara ta karkata, ya sa aka sake shafe ƙofa. Ya je har Damagaram ya kama hannun sabon ɗan takararsa ya ce masa, "Ranka ya daɗe, garina kada ka ɓata mai ka je. Ka ɗauka ka ci."

A daidai lokacin aka kawo gidajen sauro likita, na raba wa mata masu ciki kyauta. Mutumin nan ya ji labari ya taka da kansa. Ya ce da Rakiya a kai gidajen sauron ƙofar gidansa, a raba su ranar taron jam'iyya, a ce ɗan takara ne ya aiko.

Rakiya ta ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Kayan nan na masu ciki ne, a wurin awo ake ba da su, kowace mace da nata. Sauro bai san parti ba."

Ya ce, "Madam, ke baƙuwa ce a garin nan."

Ta ce, "Na sani, Alhaji. Shi ya sa ba ni da wanda zan hana."

Ya juya ya tafi bai yi sallama ba.

Aka yi zaɓe. Sakamako ya fito: ɗan takararsa ya ci kujera, ya zama depite. Amma a garin mutumin nan, garin da ya ce yana aljihunsa, ɗan takarar ya sha ƙasa. Ba ƙaramin kaye ba, irin wanda ake faɗa a rediyo mutane su kalli juna. Da ya je taya murna, depite ya miƙa masa yatsu biyu ya ce, "Alhaji, aljihun naka ya huje ne?" Aka kwashe da dariya a kansa a gaban jama'a.

Yanzu, don Allah, mai hankali me zai yi? Ba sai ya koma gida ya zauna ya tambayi kansa ba? Mutanen nan na rantse musu a kan wannan, na rantse musu a kan wancan, anya ba gajiya suka yi da ni ba? Amsar ke nan, kuma ko akuyar garin ta san ta. Amma girman kai ba ya barin mutum ya duba gindinsa. Sai ya nemi wanda zai ɗora wa laifi, kuma ya zaɓi wadda ba ta da kowa.

Ya ce Rakiya ce. Ya ce ita ke hure wa mata kunne a ɗakin awo, 'yar leƙen asirin 'yan adawa ce aka dasa musu. Ko shaida guda bai kawo ba, ba kuma wanda ya tambaye shi.

Bai da ikon korar ma'aikaciyar gwamnati da hannunsa. Sai ya bi ta inda ya san zai yi ciwo. Ya bi gida gida ya ce a tsayar da kwano. Ya kira mai amalanken ruwa ya ce in ya sake tsayawa a ƙofarta ya nemi wani gari. Ya ce duk wanda matarsa ta gaishe ta a hanya, kada ya sa ran ganin sunansa in hatsin taimako ya zo, don yanzu depite nasa ne.

Kuma suka bi shi! Wannan shi ne abin da ke ƙona mini rai duk lokacin da na tuna. Maza masu gemu, masu sahun farko a masallaci, waɗanda matar nan ta karɓi 'ya'yansu da hannunta. A rumfar zaɓe, inda ba mai ganinsu, sun iya ƙin sa. A fili kuwa, inda ake bukatar namiji ya ce wannan zalunci ne, kowa ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Saboda me? Saboda tiyar gero da ba a ma kawo ba tukuna.

Ranar da sakamako ya fito Zaliha ta riga ta aika da kwanonta. Da Rakiya ta ga kwana da kwanaki ba wanda ya zo ɗauka, sai ta wanke shi, ta sa sabulu a ciki kamar yadda ta saba, ta kawo da kanta. Ta tarar da mutumin nan zaune a gaban ƙofarsa mai sabon fenti, da jama'arsa.

Ta gaishe shi ta ce, "Kwanon Hajiya na kawo."

Ya ce, "Abin da ya shiga ɗakinki ba ya dawowa gidana. Tafi da shi."

Zaliha tana jin su daga cikin zaure, hawaye na zuba, ba ta da ikon fitowa. Ya riga ya ce mata in ta taka ƙofar matar nan, a bakin aurenta. Rakiya ta rungume kwano ta koma.

Ba ta bar aiki ba. Ta riƙa ɗaukar bido, jarkar ruwa, a ka tana zuwa rijiya da kanta, ta wuce ta gaban maza suna zaune a inuwa, ta dawo ta buɗe ɗakin awo. Matan waɗanda suka hana ta ruwa, ita ta ci gaba da karɓar haihuwarsu. Amma ɗan Adam ba dutse ba ne. Mace ita kaɗai, a garin da ba mai amsa sallamarta, ta rame ta yi baƙi. A ƙarshe ta nemi a sauya mata wurin aiki, shi ma mutumin nan yana ta turawa ta wajen depite. Aka ɗauke ta aka mayar da ita ɗakin haihuwa na babbar likita, nan Gure.

Ranar da ta tafi ya yanka rago. Ya ce da jama'a, "Kafin wata ya mutu za a kawo mana tamu, 'yar gida, mai ladabi."

Wata ya mutu, wani ya tsaya, shi ma ya mutu. Ba a kawo kowa ba. Ya manta cewa ma'aikata suna da baki, suna haɗuwa a taro suna ba juna labari. Duk ungozomar da aka ambata wa sunan garin sai ta ce gara ta ajiye aikin. Wa zai je garin da ake hana baƙo ruwa? Ɗakin haihuwa ya zauna a kulle, gizo-gizo ya yi saƙa a kan gado.

Sai ƙananan kaburbura suka dawo. Maƙwabcinsa, wani mai suna Burahima, matarsa ta yi doguwar naƙuda, aka ɗora ta a amalanke, ɗan ya mutu a hanya, ita ma da ƙyar ta sha. Burahima ya zo ya durƙusa ya ce, "Alhaji, mun yi kuskure. A je a ba matar nan haƙuri, ko a samo mana wata."

Mutumin nan ya ce, "Burahima, ina tauhidinka? Ƙaddara ce. Ni da kai a ɗaki aka haife mu, wace madam ce ta karɓe mu? Likita ba ta hana mutuwa."

Kun ji fa. Wanda ya rufe rijiya da hannunsa shi ne ke karanta wa mai ƙishirwa babin ƙaddara. Ya 'yan uwa, ƙaddara gaskiya ce, wanda ya ƙi ta ba Musulmi ba ne. Amma Allah da ya saukar da cuta shi ya saukar da magani, ya ce a nema. In raƙuminsa ya yi ciwo, mutumin nan har Kelle yake aikawa a ɗauko mai dubawa. Ban taɓa jin ya zauna kusa da raƙumi yana ce masa ƙaddara ba.

To, mutumin nan yana da 'ya, 'yar fari, sunanta Yabawa. Yana son ta fiye da duk abin da ya mallaka, amma kun san kunyar ɗan fari: tun da aka raɗa mata suna bai taɓa kiran sunan da bakinsa ba. "Yarinyar nan" yake cewa, ko "ke". Ya aurar da ita ga wani tela mai suna Ma'azu, suna zaune nan cikin Gure. Allah ya ba ta ciki na fari, tana zuwa awo babbar likita. Wa ke duba ta? Madam Rakiya.

Rakiya ta san ko 'yar wa ce. Ba ta taɓa ambata mata abin da ya wuce ba. Da ciki ya tsufa ta duba ta, ta sake dubawa, ta sa aka kira Ma'azu. Ta ce masa ɗan ya kwanta a gicciye, bai juyo ba, kuma ƙugun yarinyar ƙarami ne. Ta ce, "Kada ta yi nisa da inda ake aikin fiɗa. In naƙuda ta tashi, ku zo nan da nan."

Amma ga al'ada. Cikin fari a gidan iyaye ake haihuwarsa, goyon ciki, mace ta koma gaban uwarta ta haihu ta yi wankan jego. Al'ada ce mai kyau, ban zo in rushe ta ba, an yi ta ne don a tausaya wa yarinya. Sai dai duk al'adar da aka yi don rai, in ta zo za ta ci rai, ai ajiye ta ake yi.

Ma'azu ya hau mota ya je wurin surukinsa. Ya zauna a ƙasa ya ce, "Baba, alfarma na zo nema. A bar ta a Gure ta haihu. Inna ta zo ta zauna da ita a can, in an sauka lafiya sai a kawo ta gida wanka."

Ya ce, "Wa ya ce?"

Ma'azu ya ce, "Madam Rakiya."

Ai kamar an watsa wa wuta kalanzir. Ya ce makirci ne. Ya ce matar nan so take ta nuna wa duniya cewa sai da ita, so take a ce Alhaji ya kore ta da rana ya kai mata 'yarsa da yamma. Ya ce jikansa ba zai faɗo a hannunta ba.

Zaliha, wadda ba ta taɓa musa masa ba, ranar ta yi magana. Ta ce, "Alhaji, ka ji tsoron Allah. Ɗakin nan a kulle yake, kai ka sani. Ka ga abin da ya sami matar Burahima."

Ya ce, "In na bar ta a Gure, da wane baki zan fita? Ni da na ce wa mutane a ɗaki aka haife mu? 'Yan adawa jira suke su yi mini dariya."

Ku auna wannan magana da kyau. A hannu guda ran 'yarsa, a ɗaya hannun dariyar 'yan adawa. Ya ɗora su a ma'auni, dariya ta rinjaya. Ba don ba ya son 'yar ba. Ya saba ne da auna kowane abu da abin da za a ce a dandali, har ma'aunin ya lalace.

Ya aika aka ɗauko Yabawa. Ma'azu ya ji kunyar suruki bai hana ba, ita ma ta ji kunyar uba ba ta ƙi ba. Kunya abu ce mai kyau, amma wannan ba wurinta ba ne.

Naƙuda ta tashi da hantsi, cikin bazara, rana kamar za ta narka ƙarfe. Tsofaffin mata suka shiga suka yi iya yinsu. Rana ta take, ba labari. Aka kira majo, ya duba, ya fito yana share gumi ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, a kai ta Gure yanzu yanzu.

Babu mota a garin. Mutumin nan ya ce kada kowa ya damu, depite zai aiko da katkat. Ya buga waya, tana ƙara ba a ɗauka. Ya sake bugawa. Ya buga wa na kusa da depite, wannan ya ɗauka ya ce, "Alhaji, ba ka ji ba? Ai an yi sabon ƙawance. Maigida yanzu yana tare da mutanen da ka baro, kuma sharaɗinsu na farko shi ne a raba hanya da kai." Ya kashe wayar.

Ashe shi ma depite yana da tasa ƙofar, da nasa fentin.

Burahima ne, wanda aka karanta wa babin ƙaddara, ya hau raƙumi ya je wani gari inda ake cin kasuwa ranar, ya roƙo wata tsohuwar katkat mai ɗaukar kanwa. Kafin ta zo la'asar ta yi. Aka shimfiɗa Yabawa a baya, kanta a cinyar uwarta. Motar ta kafe a rairayi, suka sauka suka tona, ta tashi, ta sake kafewa. Mutumin nan, da babbar rigarsa, ya durƙusa yana tonon rairayi da hannu kamar kare, yana jin nishin 'yarsa yana raguwa.

Da suka iso likita, wadda ta fito da gudu ta tarbe su Rakiya ce. Ba ta dube shi ba, ba ta ce masa na faɗa maka ba. Ta kama gadon turawa ta yi ciki da yarinyar, tana kiran likitan fiɗa.

Aka yi aiki. Aka ciro ɗa namiji da rai. Uwar kuwa jini ya riga ya ƙare mata a hanya.

Da aka bar shi ya shiga, ya tsaya a kanta. Mutumin da bai taɓa kiran sunan 'yarsa ba ya buɗe baki ya ce, "Yabawa." Ya sake cewa, "Yabawa." Waɗanda ke wurin sun ce har a tsakar likita ana jin muryarsa. Ranar da ya fara kiran sunanta ke nan, ba ta amsa ba.

Nan Gure aka yi mata sutura, a gidan mijinta aka zauna makoki. Ba ɗan jam'iyya ko guda da ya zo, na da ko na yanzu. Washegari da rana, ana zaune, sai ga Rakiya ta yi sallama da abu a rufe a hannunta. Ta wuce ta gabansa ta gaishe shi ta yi masa ta'aziyya, ta shiga wurin mata, ta ajiye a gaban Zaliha. Kwanon samira ne mai zanen fure, murfinsa a lotse a gefe. Ta cika shi da tuwo mai zafi.

Ta ce, "Yaya, ga kwanonki. Ya daɗe a wurina. Ki daure ki ci, tun jiya ba ki sa komai a bakinki ba."

Zaliha ta rungume ta suka yi ta kuka. Shi kuwa yana zaure, ya ga shigar kwanon, ya gane shi. Ya ja rawani ya rufe fuskarsa.

Yana nan da rai har yau. Zaliha ta zauna a Gure tana renon jikanta, ba ta nemi saki ba, ba ta kuma koma ba. Shi yana can gaban ƙofarsa shi kaɗai, fenti yana ɓarewa ɓawo ɓawo, launin wannan jam'iyya yana leƙowa ta ƙarƙashin na waccan. Ba mai zuwa neman ƙuri'a wurinsa. Ɗakin haihuwa na garin kuwa sai da dattawa suka yi ta sintiri suna ba da haƙuri kafin aka samu wadda ta yarda ta je.

Ya 'yan uwa, me ya kashe yarinyar nan? Kwananta ne ya ƙare, wannan haka yake. Amma ubanta zai tsaya a gaban Allah a tambaye shi, kuma ba shi kaɗai ba. Za a tambayi duk wanda ya ce wa matarsa ta tsayar da kwano. Za a tambayi duk wanda ya zauna a inuwa yana kallon baƙuwa da bido a ka. Zalunci ba ya tafiya da ƙafar mutum ɗaya, sai ya samu masu yi masa shiru.

Na gaji da ganin wannan hali a cikinmu, wallahi na gaji. Ku yi siyasarku in lokacinta ya zo, ku zaɓi wanda kuka ga dama, ku sauya in kun ga dalili. Amma likita ba ta jam'iyya ba ce, rijiya ba ta jam'iyya ba ce, lakkol ba ta jam'iyya ba ce. Naƙuda ba ta tambayar wa mace ta zaɓa. Manyan da kuke gaba da maƙwabtanku saboda su, gobe za ku gan su a mota guda suna dariya, in matansu za su haihu kuma ba a garinku za su haihu ba.

Kuma ina tambayar ku, ku amsa a zukatanku. Malamin lakkol ɗin da ke unguwarku, ma'aikaciyar likitar da aka turo muku daga Doso ko Maraɗi, yaushe rabon da kwano ya fita daga gidanku zuwa ƙofarsu? In kun koma gida yau, ku tambayi matanku.

Allah ya jiƙan Yabawa, ya raya abin da ta bari. Allah ya saka wa masu yi mana aiki a inda ba su da kowa. Shi ma mutumin nan, Allah ya karɓi tubarsa in ya tuba. Ya Allah kada ka bar mu mu rufe da hannunmu ƙofar da 'ya'yanmu za su zo su ƙwanƙwasa. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.